Wahala tana gyara hali, ko dai ta'azantar da kanmu muke yi?

Ishaya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da muke yawan faɗa wa juna wadda ta tsaya mini a wuya, ina so mu tattauna ta ba ɓoye-ɓoye. Da zarar mai bi ya shiga wani hali, ciwo ne, rashin aiki ne, rasuwa ce, sai ka ji an ce masa, "Yi haƙuri, Allah ne yake gina halinka." Kowa ya ce amin, a watse. To abin da idona ya gani bai zo daidai da wannan magana ba. Na san masu bi da wahala ta mayar da su masu taushin zuciya, ba na musu. Amma na san wasu, ba kaɗan ba, da ta bar su da zafin rai da zargin kowa da hassadar duk wanda ya samu sauƙi. Wasu sun daina addu'a gaba ɗaya. Ba kuma masu wasa da bangaskiya ba ne, da su ake sujada, da su ake azumi kafin abin ya same su.

In wahala ce take gyara hali, me ya sa take lalata wasu? In kuma Allah ne yake aikin, mene ne dogara gare shi? In naɗe hannu in zauna har ya gama? Ina tambaya ne don ni kaina ina cikin wani matsi yanzu, kuma abin da nake gani yana girma a cikina ba haƙuri ba ne.

Saratu:
Sannu ɗan'uwa Ishaya, Ubangiji ya kawo sauƙi. Amma ai maganar ba mu muka ƙirƙiro ta ba, a rubuce take. Romawa 5:3-4 ta jera abin daki-daki: shan wuya yana haifar da jimiri, jimiri ya haifar da ingantaccen hali, halin kuma ya haifar da sa zuciya. Yakubu 1:2-4 ma ta ce mu ɗauki gwaji iri-iri abin farin ciki, mu bar jimiri ya gama aikinsa. Ka riƙe alkawarin. Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa.

Ishaya:
Na san ayoyin 'yar'uwa, tun ina yaro na haddace su. Ina tambaya ne a kan mutanen da ayoyin ba su cika a kansu ba.

Malam Dauda:
Ishaya, tambayarka a kan hanya take, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye abin da ka gani ba. Buɗe 2 Tarihi 28:22. Da Sarki Ahaz ya shiga ƙunci, ƙara yi wa Ubangiji rashin aminci ya yi. Ya je yana miƙa hadaya ga gumakan Dimashƙu, wai tunda sun taimaki waɗanda suka ci shi da yaƙi, shi ma za su taimake shi. Har ƙofofin Haikali ya rufe. Sai ka matsa zuwa sura 33 ka ga jikansa Manassa, mutumin da ya ƙona 'ya'yansa hadaya, ya cika Urushalima da gumaka. Sojojin Assuriya suka kama shi, suka ɗaure da sarƙar tagulla suka kai Babila. Can cikin ƙuncin ya ƙasƙantar da kansa ya nemi Ubangiji, aka ji kukansa, ya dawo yana rushe abin da ya gina da hannunsa. Kaka da jika, gadon sarauta ɗaya, kowa ya sha ƙunci, amma dubi inda kowannensu ya ƙare.

Haka 'yan fashin nan biyu da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, azaba iri ɗaya suke sha, ɗaya yana zagi, ɗaya yana roƙon a tuna da shi. Haka Isra'ila a jeji. Shekara 40 ana horonsu, amma cikin waɗanda aka ƙidaya daga mai shekara 20 zuwa sama, Joshuwa da Kalibu ne kawai suka shiga ƙasar.

Wahala a kan kanta ba ta tsarkake kowa, ba ta da wannan iko. Ibraniyawa 12:11 ta ce horo ba ya da daɗi a lokacinsa, daga baya ne yake ba da amfanin adalci, kuma ta faɗi ga waɗanda yake bayarwa: waɗanda suka horu ta wurinsa. Ka sauka aya ta 15 a wannan surar, za ka tarar ana gargaɗi kada saiwar ɗaci ta tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. Marubucin ya san mutanen da yake gaya wa amfanin horo su ne dai suke cikin haɗarin ɗacin rai.

Bitrus:
Ni fa ku yi mini haƙuri, gaba ɗaya tsarin maganar ne ban yarda da shi ba. Yohanna 10:10 ta raba gardama: ɓarawo ne yake zuwa don sata da kisa da hallakarwa, Yesu kuwa ya zo ne domin mu sami rai a yalwace. A ina kuka taɓa ganin an kawo wa Yesu mara lafiya ya ce a mayar da shi gida tukuna, halinsa bai gama ginuwa ba? Warkarwa yake yi. Matar nan da ta tanƙware shekara 18, cewa ya yi Shaiɗan ne ya ɗaure ta, ya kwance ta nan take. Mu kuma mun ɗauki aikin Iblis mun rataya wa Allah, muna koya wa mutane su rungumi abin da ya kamata su tsawata masa. Wane uba ne zai sa wa ɗansa cuta don ya koya masa ladabi? Ɗan'uwa Ishaya, kada ka zauna jiran darasi. Tashi ka yi yaƙi cikin addu'a.

Ladi:
Ina biye da ku. Abin da Bitrus ya faɗa ya daɗe yana damuna ni ma, na rasa wanda zan tambaya.

Baba Nuhu:
Ɗana Bitrus, rabin maganarka gaskiya ce kuma ina so a riƙe ta da kyau. Cuta ba abar so ba ce, mutuwa kuma 1 Korintiyawa 15:26 ta kira ta maƙiyi. Makoki 3:33 ta ce ba da son ransa Ubangiji yake wahalar da 'yan adam ba. Wanda ya ce kada a roƙi warkarwa bai karanta Bishara ba.

Amma me za ka yi da Bulus? A 2 Korintiyawa 12 ya ce an ba shi ƙaya a jiki, shi da bakinsa ya kira ta manzon Shaiɗan, kamar yadda ka ce. Ya roƙi Ubangiji sau uku a raba shi da ita. Ba a raba shi ba. Aka ce masa alheri ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ne ikon Allah yake cika. Ya kuma faɗi dalilin ƙayar: don kada ya ɗaga kai saboda wahayin da aka nuna masa. To ka tsaya ka yi tunani. Shaiɗan yana da wata bukata Bulus ya zama mai tawali'u? Ba shi da ita. Shi nufinsa ya azabtar. Tawali'un nufin wani ne daban, wanda ya fi shi iko, a cikin ƙayar nan guda. Wannan Bulus ɗin da aka riƙa kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikinsa suna warkewa, shi ne ya rubuta a 2 Timoti 4:20 cewa ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Ba rashin bangaskiya ya sa ba.

'Yata Saratu, ke ma ina da gyara kaɗan. Maganar nan cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, daga 1 Korintiyawa 10:13 aka samo ta, amma can ana magana ne a kan faɗawa cikin zunubi, cewa kullum akwai hanyar tsira. Game da nauyin wahala kuwa, duba 2 Korintiyawa 1:8-9. Bulus ya ce abin da ya same su a Asiya ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, har suka fid da rai. Ya ce hakan ya faru ne domin kada su dogara ga kansu, sai ga Allah mai ta da matattu. In muka gaya wa wanda ya durƙushe cewa kayan bai fi ƙarfinsa ba, mun ƙara masa kunya a kan wahalarsa, zai ga kamar shi ne rago.

Bitrus:
Baba na ji. Amma a fito fili, wa ya aiko da wahalar? Allah ne ko ba shi ba ne?

Baba Nuhu:
Yusufu ya amsa maka a Farawa 50:20: 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi abin da alheri. Bai wanke su ba, mugunta ya kira abin da suka yi. Ni yadda nake ganinsa kamar mai ɗori ne. Ba shi ya karya ƙafar ba, amma in ya kama ta zai ja, za ka yi ihu, kuma jan nan ne zai sa ka sake takawa daidai. Wanda ya fizge ƙafarsa ya gudu, ƙashin zai haɗe, amma a karkace.

Malam Dauda:
Baba, a gafarce ni, misalin ya yi kyau amma ina ganin ya ɗan sassauta abin fiye da yadda Littafi ya sassauta. Yusufun nan dai a Farawa 45:8 cewa ya yi ba su ne suka aiko shi Masar ba, Allah ne. Ayuba kuma da 'yan hari suka kwashe dukiyarsa, iska ta rushe gida a kan 'ya'yansa goma, cewa ya yi Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, kuma aka shaida bai yi zunubi da wannan magana ba. Allah ba mai zuwa bayan ɓarna ba ne kawai ya ga abin da zai iya cetowa. Tun kafin a taɓa Ayuba shi ya sa iyaka. Yadda ikonsa yake rufe komai, kuma duk da haka Yakubu 1:13 ta ce ba ya jarabtar kowa da mugunta, wannan ban taɓa ganin wanda ya warware shi tas ba. Littafi ya ajiye su biyun gefe da gefe, ya bar su haka.

Baba Nuhu:
Na karɓi wannan ƙari, Malam. Ba misalin da yake ɗaukar Allah duka.

Hannatu:
Ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare, don raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna shi. Wannan koyarwa da muke tattaunawa, akwai masu amfani da ita suna danne mutane. Na zauna da mata waɗanda mazajensu ke dukansu har da rauni, in sun kai kuka sai a ce su koma su yi haƙuri, gicciyensu ke nan, Allah yana gyara halinsu. Na ga ma'aikacin da aka riƙe wa haƙƙinsa, mai riƙewar kuma shi ne yake masa wa'azin jimiri. Ba a ce wa mai dukan komai ba, ba a ce wa mai cin haƙƙin komai ba. Duk nauyin tsarki an ɗora shi a kan wanda aka zalunta.

Baba Nuhu da Malam Dauda sun kawo Yusufu. To a lura da wanda ya faɗi maganar nan ta Farawa 50:20, da lokacin da ya faɗe ta. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, maganar kuma sai bayan rasuwar mahaifinsa Yakubu, wanda ya yi shekara 17 a Masar. Kusan shekara 40 ke nan tsakani. Shi wanda aka cuta ne ya faɗa, da bakinsa, bayan ya ga ƙarshen abin. Da a ce Yahuza ne ya leƙa ramin ranar da suka jefa shi ya ce, "Ƙanena, Allah yana gina halinka," da wannan ba ta'aziyya ba ce, ƙarin mugunta ce. Kuma Yusufu a kurkuku bai yi shiru ba. Ya gaya wa mai shayarwar Fir'auna cewa sato shi aka yi, bai yi laifin komai ba, ya roƙe shi ya yi masa hanya ya fita.

Saratu:
Amma Yaya Hannatu, 1 Bitrus 2:20 fa? Ai ta ce in mutum ya sha wuya saboda yin nagarta ya jure, abin karɓa ne a gaban Allah. Ina tsoron kada mu buɗe ƙofar da kowa zai riƙa gudu da zarar abu ya yi zafi.

Hannatu:
Jurewa ba tare da ramuwa ba daban, tsayawa a kashe ka alhali ga ƙofa daban, ƙanwata. Saul ya jefi Dawuda da mashi, Dawuda ya kauce ya gudu, bai kuma taɓa ɗaga hannu a kan Saul ba ko da ya same shi a kogo. A guje ɗin ne aka gina halinsa. An zura Bulus a kwando ta bangon Dimashƙu da dare. A Filibi, bayan an yi musu duka shi da abokin tafiyarsa Sila an kulle su ba shari'a, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su. A Urushalima ana shirin yi masa bulala ya tambaya ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba a yanke masa hukunci ba. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Yesu kansa a Matiyu 10:23 ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Duk wadda ake duka ta nemi wurin tsira, ta faɗa wa waɗanda za su iya tsayar da abin, har hukuma. Ba ta fita daga hannun Allah ba don ta yi haka.

Malam Dauda:
Na tsaya tare da Hannatu a nan. Akwai wahalar da ake zaɓa saboda aminci, kuma ita ce Manzo Bitrus yake nufi. John Bunyan, mai wa'azin nan na Ingila, an kama shi a 1660 saboda wa'azi ba da izini ba, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford. Da ya yi alkawarin daina wa'azi da an sake shi. Yana da 'ya makauniya a gida, ya kuma rubuta cewa rabuwa da iyalinsa ji yake kamar ana yage naman jikinsa daga ƙashi. Ya zauna ne domin fitar tana nufin ya ƙi abin da ya gaskata Allah ya kira shi ya yi. Matar da ta tsere wa duka ba ta musanta Almasihu ba, ba ta ƙi wani kira ba.

Mama Rifkatu:
Ina ta karantawa tun ɗazu, hannuna ba ya sauri a waya. Ishaya ɗana, kai nake so in yi wa magana, don ka ce abin da yake girma a cikinka ba haƙuri ba ne, kuma na ga an wuce wannan wurin.

Maigidana ya yi shekaru a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ni ce mai juya shi, ni ce mai wanke shi. Kafin wannan kowa ya san ni da haƙuri, ni ma haka na san kaina. Jinya ta yi nisa sai na ga wata mace a cikina wadda ban sani ba. Ina jin haushin mara lafiyan da bai yi mini komai ba. In na ga wata tana tafiya da mijinta a ƙafa sai zuciyata ta yi baƙi. Na tsorata, na ce wahalar nan ta lalata ni. Daga baya na gane ba ita ta zuba waɗannan abubuwa ba, a ciki ta same su. Haƙurin da nake taƙama da shi a da, ashe ba a taɓa taɓa shi ba ne kawai. Maimaitawar Shari'a 8:2 ta ce an bi da Isra'ilawa ta jeji ne domin a san abin da yake zuciyarsu. Allah ya riga ya sani, mu ne ba mu sani ba. Manzo Bitrus ya rantse zai mutu tare da Yesu, da gaske kuma yake har ransa, kafin gari ya waye ya yi musunsa sau uku. Yesu ya riga ya gaya masa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe su kamar alkama, bai ce zai hana ba, ya ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Saboda haka ganin mummunan abu a cikinka ba shaida ba ce cewa aikin ya tsaya. Sau da yawa daga nan yake farawa.

Ka tambaya mene ne dogara. A wurina ba naɗe hannu ba ne, ba kuma murmushin dole ba. Shi ne ban daina yi masa magana ba. Akwai daren da ba ni da abin faɗa sai ƙorafi, to ƙorafin na kai masa. Zabura 88 ta riƙe ni, don ita daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ta juya zuwa yabo kamar sauran ba, amma duk kukan da Allah ake yi wa, kuma ya yarda aka sa ta cikin Littafinsa. Mutanen da ka ce sun yi ɗaci, ban san zuciyarsu ba, ba zan yanke musu hukunci ba. Ni dai inda na ga haɗarin a kaina shi ne ranar da na fara maganar Allah da mutane a maimakon in yi magana da shi. Sai kuma abu na biyu, in gari ya waye in tashi in yi abin da yake gabana, in wanke shi da hannu mai taushi ko da zuciyata ba ta yi taushi ba tukuna. Zuciyar daga baya ta biyo hannun, a hankali ƙwarai.

Bai warke ba, Ubangiji ya ɗauke shi. Har yau ba a gaya mini dalili ba. Ayuba ma ba a taɓa gaya masa abin da ya faru a sama a sura ta 1 da ta 2 ba, mu masu karatu ne muka sani.

Ladi:
Mama, Allah ya ƙara ƙarfi. Ta yaya kika san kin canza?

Mama Rifkatu:
Ban sani ba 'yata, gaya mini aka yi. 'Yata ta fari ce ta ce a da in mutum yana ba ni labarin damuwarsa, kafin ya rufe baki na ba shi aya. Yanzu ina iya zama da mai kuka har ya gama. Mai auna kansa kullum don ya ga ko ya ƙaru, damuwa kawai zai ƙara wa kansa.

Ishaya:
Mama na gode, maganarki ta shige ni. Amma bari in faɗi wanda ya fi tsaya mini. Ke kin fito da wani abu a hannu. Shi maigidanki da ya kwanta fa? Jaririn da ya sha ciwo ya mutu bai ko iya magana ba, wane hali aka gina masa? Wanda tsufa ko ciwo ya ɗauke wa hankali har bai san 'ya'yansa ba fa? In an ce don a gyara na kusa da su ne, wannan ya fi ba ni tsoro, a ce an azabtar da yaro don uwarsa ta koyi haƙuri.

Malam Dauda:
Ba zan ce haka ba, Littafi ma bai ce ba. Gina hali ɗaya ne daga cikin abin da Allah yake yi a cikin wahala, ba shi ne bayanin kowace wahala ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka nemi mai laifi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Da aka yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Romawa 8:20-23 ta ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, mu ma muna nishi muna jiran fansar jikinmu. Yaron da ka ambata yana cikin wannan nishin. Amsar da aka ba shi tashin matattu ce, ba darasi ba. A bakin kabarin Li'azaru, Yesu ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, duk da haka ya yi kuka.

Abin da Allah ya gina a cikin uwar ta wurin wannan rashi na gaske ne, amma ba shi ne kuɗin ran ɗanta ba, kada kowa ya gaya mata haka. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, suna da bayani a kan komai, sun kare Allah da ƙarfinsu, a Ayuba 42:7 kuwa su aka yi fushi da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa shi aka ce ya yi musu addu'a.

Ka kuma tuna Yohanna Mai Baftisma. Daga kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. Bai fito ba, kansa aka sare. Amma a daidai lokacin da ya aiko da tambayar shakkar ne Yesu ya juya ga taro ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba wanda ya fi shi.

Saratu:
To in haka ne, me za mu ce wa wanda yake cikin wahala? Shiru za mu yi da alkawaran Allah?

Baba Nuhu:
A'a 'yata, a faɗe su, amma a san lokaci. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, nan ne kawai suka yi daidai. Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya bar shi ya yi barci, ya tashe shi ya ci, ya sake barinsa ya kwanta. Magana sai a Horeb, bayan tafiyar kwana 40. Koyarwar Romawa 5 a cusa ta a zuciyar mutane tun suna lafiya, domin in ranar ta zo su same ta a ciki. A ranar kuwa, alkawarin da ya fi shiga kunne shi ne cewa Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, kuma wanda muke bi shi ma ya sha. Ibraniyawa 5:7-8 ta ce ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye, kuma ko da yake Ɗa ne, ya koyi biyayya ta wurin wuyar da ya sha.

Bitrus:
Har yanzu ina nan a kan cewa mun fi saurin sallamawa fiye da roƙo. Bulus sai da ya roƙa sau uku kuma aka ba shi amsa a fili kafin ya daina. Yesu a Getsamani sai da ya roƙi a ɗauke ƙoƙon kafin ya ce a yi nufin Uba. Mu ko sau ɗaya ba mu roƙa da gaske ba sai mu ce nufin Allah ne. Ina neman izini mu sa Ishaya a addu'a yau da dare, mu roƙa kai tsaye a ɗauke masa wannan matsi.

Baba Nuhu:
A kan wannan ba ni da ja, ɗana. Mu roƙi a ɗauke, mu kuma roƙi kada bangaskiyarsa ta ƙare kafin a ɗauke.

Hannatu:
Ina ciki. Amma Ishaya, ba ka faɗa mana ko mene ne matsin ba, kuma ba dole ka faɗa a gaban kowa ba. Ka tura wa Baba Nuhu ko ni saƙo a keɓe. In ciwo ne ko rashin barci ya yi yawa, a ga likita. In bashi ne ko aiki, muna da yawa a nan, wani ya san wani. Yakubu ɗin da ya ce mu ɗauki gwaji abin farin ciki, shi ne a sura ta 2 ya tambayi amfanin ce wa mai jin yunwa ya sauka lafiya ba a ba shi komai ba.

Ishaya:
Aiki ne Yaya, da bashin da ya biyo baya. Zan tura wa Baba saƙo yanzu.